Katakon da ke Ƙarƙashin Ƙafarmu

Litinin, 3 ga Maris
"Ke nake so, ba ku ba." Haka Mai Tabarau ya ce, tun ban ajiye jaka ba. Shi ke shirya babban wasan ƙarshen wata, mutum ɗari biyar. Wai na'urata ta kiɗa kaɗai ta isa ta tayar da su rawa, gangunan Yaya kuwa makara suke yi. Mutumin da ke sa baƙin tabarau a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, shi ne yau mai hangen nesa. Ya ba ni mako biyu in yi tunani.

Laraba, 5 ga Maris
Shekara huɗu ke nan muna kiɗa mu biyu, ni da yayana, a ƙarƙashin maɗaba'a, da yamma in an kashe injina. Ni in ɗauko ƙarar keken ɗinki, ɗigar famfo, tarin maƙwabcinmu, in yanka in jera a na'ura, shi ya bi da ganga. Baya da baya muke tsayawa. Wani ya taɓa rubuta cewa wannan tsayuwar falsafa ce. Ɗakin ne ba faɗi.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya makara a kiɗa sau uku. Ban so na ƙirga ba, amma na ƙirga.

Lahadi, 9 ga Maris
Mama ta kira shi sau biyu daga kicin, ko motsi. Ta ce, "Wannan tun yana goye kunnen ƙashi gare shi." Aka yi dariya. Ni dai na ga yadda yake karkato kunnen dama ga duk mai magana. Digirina biyu, sai yau na lura.

Alhamis, 13 ga Maris
Masu maɗaba'a sun yi shara, sun ɗage tsohon katakon da muke tsayawa a kai, sun jingine shi a bango. Muka fara a kan siminti. Komai ya watse, ni gabas shi yamma. Ya ajiye sanduna.
"Auta, ina katakon?"
Na ce yaushe ya fara camfi. Ya ce, "Ba camfi ba ne. Ƙafarki nake ji."
Ashe duk sanda zan juya kiɗa sai na buga dunduniya, ban sani ba. Shi ya sa yake cire takalmi kafin mu fara. Ni na ɗauka gayu ne. Kunnensa na hagu ya mutu tun bara, na dama na bin sawu.
Na ce to makarar kwanakin nan fa?
"Tun da kika sayo takalmin roban nan mai laushi."
Sannan ya ce kar Mama ta sani.

Juma'a, 14 ga Maris
Labarin tayin ya kai gare shi. "Ki je ke kaɗai, ba zan zame miki kaya ba." Na ce ya daina ɗaukar kansa da muhimmanci haka. Shi ne kawai abin da ya zo bakina.

Litinin, 17 ga Maris
Na je ofishin Mai Tabarau. Na sa tsohon takalmina mai ƙoƙon dunduniya, wanda ke matse min yatsu. Shi ne kusa da ƙofa, ba wani abu ba.
Na tambaye shi daɓen wurin wasan. Siminti. Na ce to mu biyu za mu zo, da katako guda.
"Malama, wasa na shirya, ba shagon kafinta ba. Ko ke kaɗai, ko a bar shi."
Na ce a bar shi.
Ba tausayi ba ne. Na'urar ba ta da nauyi in ba ganga, dalili ne na sana'a tsantsa. Na rubuta nan don in tuna haka na ce.
Na ja masa ƙofa a hankali, ta rufu. Sai da na kai tsakiyar matakala na ji yadda nake buga dunduniya da ƙarfi, kamar akwai mai saurare a bayana.