Na Zaga Garin Domin Nayeli

Punta Mansa,
9 ga Yuli, 2004

Ɗana Wilmer,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Maritza da jikata Nayeli. Allah Ya kare ku, Ya sauƙaƙa maka aikin gonar nan ta Spain. Mu nan lafiya lau. Kawunka Segundo ƙafarsa ta yi sauƙi har ya koma ɗinkin raga, ita kuwa 'yarsa Glenda ta haifi namiji, ta bi mijinta zuwa birnin Guayaquil. Layinmu yanzu gida uku ne kawai ake hura wuta.

Ka rubuto cewa wataƙila ku zo a watan Agusta, amma Nayeli na tambaya me za ta yi a ƙauye har mako uku. Ban ji haushi ba, tana da shekara biyu kuka tafi, yanzu ga ta da goma sha ɗaya. Sai na ce bari in zaga garin da ƙafata in gano mata amsa, kada in yi wa yarinya alkawarin abin da babu.

Ran Litinin na sauka bakin teku da safe lokacin da jirage ke dawowa. Har yanzu tsuntsaye na wawushe kifi daga kwandunan masu dako, su kuma suna gudu suna zagi, wannan zai ba ta dariya. Doña Chabela na nan da tukunyar miyar gyaɗa da kifi. Da ta gan ni sai ta ce, oho, yau gwamnati ta sako fursuna ke nan, ta zuba mini har ya zube. Na ci ni kaɗai a bencin da muke zama da babanka. Ran Talata na hau dutsen da fitilar jirage take, na huta sau huɗu kafin in kai. Daga can ana ganin tsibiri da dukan garin, har na ƙirga rufin gidajen da masu su ke ƙasar waje, da na kai ashirin na bari. Idan ruwa ya janye akwai kaguwa a bayan duwatsu, da kogon da kuke ɓuya in na aike ku.

Ran Alhamis kuwa na yi abin da ba za ka yarda ba. Na shiga jirgin Don Cleofe, mai kai baƙi kallon kifin ballena, ƙaton nan na teku da ya fi jirgi girma. Ka san rabona da hawa ruwa tun ranar da aka kawo gawar babanka. Cleofe ya ce, comadre, wato ƙawata, shekara saba'in kina maƙwabtaka da su ba ki taɓa kai musu gaisuwa ba, sai yau? Na ce masa ya ja jirginsa ya bar ni, tsohon banza. Ya ɗaura mini rigar ruwa, ya zaunar da ni cikin Turawa takwas. Na yi amai sau biyu, kada ka gaya wa kowa.

Mun yi kamar awa ɗaya ba komai, sai ga wata uwar ballena ta taso dab da mu, ɗanta manne da gefenta, ta fesa numfashi har ya jiƙa mana fuska. Ban san lokacin da na damƙi hannun wadda ke kusa da ni ba, ina ihu, Wilmer, duba, duba! Da na waiga sai na ga wata Baturiya ce mai jan gashi. Kunya ta kama ni, na so in janye, ta ƙi saki. Ba ta jin yarenmu, ba na jin nata, haka ta riƙe ni har muka sauka. Na dawo gida bakina cike da labari, na tsaya a tsakar gida, na rasa wanda zan ba.

To ka gaya wa Nayeli akwai abin gani. Amma akwai maganar da na ɓoye maka tun Afrilu. Likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini ido biyu, na dama ya riga ya tafi rabi, kuma layin masu jiran aikin ido dogo ne. Ballenar ma inuwarta na fi gani, girmanta ne ya taimake ni. Fuskar yarinya ba ta kai haka girma ba, ɗana. Ba ina matsa maka ba ne, na san halin mai gonar da kake wa aiki. Amma idan akwai hanya, kada ku bari sai baɗi.

Ka gaishe mini da Maritza, ka ce na gode da rigar sanyi. Ka gaida Fulton ɗan Chabela idan kun haɗu, uwarsa na cigiyarsa. Segundo da Cleofe suna gaishe ka. Ka sumbaci Nayeli a goshi, ka ce ta rubuto mini da hannunta, da manyan baƙaƙe.

Mahaifiyarka,
Eufemia Pincay