Tilli Ta Daina Hawan Bishiya

Litinin, 5 ga Nuwamba, 1860, Marburg

Brandau mai buga littattafai ya karɓi waƙar da na rubuta. Zai sa ta a littafin yara na Kirsimeti: yarinyar da ba ta jin magana, kullum tana kan bishiya, har ƙafafunta suka zama rassa, mai gatari ya zo ya sare. Don 'yata Tilli na rubuta, ranar da ta faɗo daga bishiyar tuffa ta fasa goshi. Tsoro na ji a ranar, shi ya sa. Hoton ma da hannuna na zana. Matata Henrike ta ce in canza sunan, tunda Tilli na sa wa yarinyar. Na ce wa zai kula?

Asabar, 8 ga Disamba

Littafin ya fito. Ya yi kyau. Jan gashin nan da wushiryar a hoton, Tilli ce sak.

Alhamis, 13 ga Disamba

Ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa na ji yaran layinmu suna rera baitocina a bakin rijiya. Har na fara murmushi. Sai na hango Tilli a tsakiyarsu, tulu a hannu. Ɗan mai burodi yana cewa, “Tilli, nuna mana ƙafar, ta fara ganye?” Ba ta yi kuka ba. Na bi ta ɗaya lungun. Me ya sa na bi ta ɗaya lungun?

Lahadi, 16 ga Disamba

Tilli ta ƙi zuwa coci, wai ciwon ciki. Henrike ta ajiye min miyar dankali ta ce, “To Eberhard, ta daina hawan. Ba abin da kake so ba ke nan? Ci.”

Talata, 25 ga Disamba

Gwaggon Tilli ta aiko mata da kyauta daga Kassel. Littafin ne. Ba ta sani ba, baiwar Allah. Tilli ta buɗe, ta daɗe tana kallon shafin ƙarshe. Sai ta ce, “Baba, mai gatarin nan gemunka gare shi.” Na ce ai gemu gemu ne. Ta ce, “Da na zama icen, za ka sare ni?” Na ce wasa ne, don yara su ji magana. Ta ce to. Shekararta bakwai, ta ce min to kamar wata baƙuwa.

Na duba bayan ta fita. Gemuna ne. Ban san lokacin da na zana shi haka ba.

Juma'a, 11 ga Janairu

Malaminsu ya karanta musu a aji, ya yaba min. Ta dawo ta cire takalmi, ta zauna kusa da murhu tana duba yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Ta zaci ba na gani.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Brandau ya zo da kansa, dusar ƙanƙara har kafaɗa. An saye littafin kaf, yana son na biyu. “Yaro maƙaryaci, ko mai ƙin cin kabeji. Kana da ɗa namiji, ai ba ka rasa abin rubutawa.” Na ce hannuna na ciwo, sanyi ne, sai dai nan gaba. Ya ce yaushe? Na ce ban sani ba.

Tilli na bayan ƙofa, ta ji komai. Da yamma ta kawo man zafi ta ajiye a gefen teburina. Hannun lafiyarsa ƙalau. Na miƙa mata shi dai, ta shafa.