Tulun da Zan Kawo wa Sagiru

Assalamu alaikum, Yaya Zaituna.

Ina fata kuna lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? An gama yankan gero a Gafasa?

Ni lafiya lau nake a Legas. Aikina yana nan, goge bayan tulunan ƙarfe a kamfanin madara. Ruwan ɗumi da sabulu, sai tsumma mai laushi, har ƙarfen ya koma kamar madubi. Hannuwana sun ɗan tsattsage, amma kada Inna ta ji.

Jallabiyar da na aika wa Baba ta dawo min a ledarta, kuma na ji dalili. Sagiru ɗan Kawu Hadi ya ga hotona a tsakiyar tulunan, ya bi majalisa yana cewa tulun giya nake wankewa. Ni da na yi sauka a gaban Baba! Yanzu ko wayata Baba ba ya ɗagawa.

Akwai wani tulu da ya lotsa, oga ya bar min. Kullum na tashi aiki sai na goge shi, ina tuna Sagiru. Da Sallah zan taho da shi, in cika shi da nono, in dire a ƙofar masallacinmu. Sagiru zai fara sha, a durƙushe, a gaban Baba, yana kallon fuskar maƙaryaci a jikin ƙarfen.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Kada ki ba ni haƙuri, Yaya. Ki dai ajiye min babban ludayi.

Ƙaninki,
Lurwanu