Abin da Ke Cikin Laimar Myrtle

Wendover, 6 ga Yuni

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zafin Elko? Mu nan har ya fara gasa mu.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta. Na samo wa Myrtle mai saye. Na san za ki ce a-kori-kurar tseren Baba ce, ba ta sayarwa ba ce. To amma tun da na dawo daga Alaska take jibge a rumfa, kuma kin san ni ko a kwalta ba na son gudu, balle a filin gishirin da ake tsere. Mutumin sunansa Mista Tolliver, yana da gidan gasa nama a Reno. Ya ce motar da ta taɓa haye mil ɗari biyu a awa, ƙofar shagonsa ce ta dace da ita, mutane su ci nama su ɗauki hoto.

Kada ki damu, ban kunyata Baba ba. Kin tuna dokarsa, ba a barin gishiri ya kwana a jikin mota. Tun kafin mutumin ya zo dubawa na sa mata tiyo da sabulu, babu lungun da ban shiga ba. Har tsofaffin sitikun nan na jikin gilashi na kankare. Yanzu sai ƙyalli take kamar amarya.

Ƙarshen wata zai zo ɗauka. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Lyman

Elko, 11 ga Yuni

Lyman,

Na amsa gaisuwarka don Mama ta koya mana amsa gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, har zuwan wasiƙarka.

Tir! Gidan gasa nama? Motar da Baba ya ƙare ƙarfinsa kwance a ƙarƙashinta, ita ce 'ya'yan mutane za su goge maiƙon hannu a jikinta? Sitikun da ka kankare kuwa, kowanne shekara guda ce da masu duba motoci suka manna kafin su bar shi ya shiga layi. Reza ka sa ka kankare rayuwar mutum, kana kuma jira in ce sannu da aiki. 

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ana gama addu'a a coci ka kama hanyar Alaska, ko abincin makoki ba ka tsaya ci ba. Ka taɓa tambayata inda aka kai tokar Baba bayan an ƙona gawarsa? A asibiti ya riƙe hannun Kawu Orson ya ce, "Ku yi min yadda ake wa 'yan tsere. Ku naɗe ni a laimar birkin Myrtle, wadda ke buɗewa a baya ta tsayar da ita, ku kai ta ƙarshen gudu, ku ja igiya, iska ta raba ni a kan gishiri." Ni da Kawu muka shimfiɗa laimar a tsakar gida, muka zuba shi ninki bayan ninki, muka mayar cikin jakarta a bayan mota. Sai ruwa ya malale filin, bara da bara waccan ba a yi tsere ba. Yana nan a ciki yana jira.

Motar kam ba yadda zan yi, sunanka Baba ya sa a takarda, Allah kaɗai ya san dalili. Amma ka kwance jakar laimar nan yau, kada ka buɗe, ka ajiye ta a ɗakinsa. Bana filin ya bushe, ina nan zuwa a makon tsere. In ubanmu ya tafi Reno gadin masu gasa nama, to ba ni ba kai.

Yayarka,
Verna

Wendover, 2 ga Yuli

Yaya Verna,

Barka da war haka. Ina fatan ran ya ɗan huce.

Jakar tana kan gadon Baba. Me ya sa ba ki gaya min tun farko ba, Yaya? Ko layi biyu ne.

Mista Tolliver ya zo. Da ya ga ba laima ya fara mita, sai na gaya masa dalili. Kin san me ya ce? "Kai, yaro, ai da ka bar min ita! Sai in kafa allo in rubuta cewa direban yana ciki." Yana faɗa yana dariya, yana sakace haƙori.  Injin ma wai cire shi zai yi, ya sa akwatin sanyaya lemo a wurin. Haka na tsaya ina kallo suka ja motar.

Yaya, dole ne bana? Na ji ana cewa gishirin bai gama ƙwari ba. Da kin bari sai baɗi. In kuma kin dage, makulli yana ƙarƙashin tukunyar fure, don ni na samu wani aiki a Ely daidai makon tseren.

A gaida yara.

Lyman

Wendover, 21 ga Agusta

Lyman,

Da fatan aikin naka na Ely yana tafiya, in dai akwai shi. A teburin Baba nake rubuta wannan.

Kawu Orson, da ciwon gwiwarsa da komai, shi ya bi rumfa-rumfa yana roƙo, har 'yar tseren nan Jolene Pruitt ta yarda a ɗaura jakar a bayan motarta. Ta ce, "Don tsohon nan? Shi ya fara tura ni a layi, haba." Labari ya zaga. Tsofaffin abokan Baba suka fito da jajayen hulunansu na 'yan mil ɗari biyu, har da wanda aka turo a keken marasa lafiya. Muka jeru a ƙarshen layi cikin ranar nan, kowa hula a ƙirji.

Jolene ta taho kamar za ta tashi sama. Ta ja igiya. Laima ta buɗe, fara fes, ta cika da iska. Muka zuba ido muna jiran ƙurar nan mai ruwan toka da ake gani ta miƙe a baya. Babu, Lyman. Ko ta cokali guda babu.

Sai wani ya ce, "Ko dai ya riga mu gaba ne, kun san shi da gaggawa." Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya dogara sandarsa har inda laimar ta faɗi, ya ɗaga ta ya kai hanci. Ya juyo ya ce, "Verna, 'yata, wannan ƙamshin sabulu take." Ya kuma ce naɗin ba nasa ba ne, don shi bai taɓa naɗe laima kamar zanen gado ba.

A gaban mutanen nan na tsaya kamar wadda ta shirya wasa da gawa. Ban taɓa jin kunya da ƙyama irin ta ranar ba.

Tambaya ɗaya ce. Ina Baba?

Verna

Ely, 25 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, in za ki karɓa.

Ranar da na wanke motar, kafin wasiƙarki ta farko, na buɗe jakar. Na ga gari-gari toka-toka a kowane ninki, na ɗauka tsohon gishiri ne ya haɗu da ƙura. Har tsaki na yi, na ce ashe Baba ma yana karya dokarsa. Kin san yadda gishiri ke cinye zaren laima. Na shimfiɗa ta a tsakar gida na sa tiyo, na cuɗa, na ɗauraye, na kora ruwan da tsintsiya har cikin kwata. Na ji daɗin aikin, Yaya, abin da ke kashe ni ke nan.

Da wasiƙarki ta zo na fita na durƙusa a bakin kwatar. Ba abin da ya rage. Na kasa rubuta miki gaskiya, na kuma kasa tsayawa in kalli idon Kawu.

Duk abin da kika ce na cancanta.

Ƙaninki,
Lyman

Wendover, 30 ga Agusta

Lyman,

Na samu wasiƙarka.

Ni da Kawu mun bi kwatar da ƙafa. Ta bi bayan garejin masu faci, ta wuce juji, ta ratsa ƙarƙashin titin jirgi, ta zube a bakin filin gishiri. Ya isa. Mutumin da ya yi mil ɗari biyu a awa, a cikin kumfar sabulu ya rarrafa, amma ya isa. A nan Kawu ya cire hula.

Gobe zan koma Elko. Laimar tana kan gadonsa. Ka riƙe ta, ai ka iya wanki.

Verna