Baba Ba Alƙalin Muhawara Ba Ne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da aiki, da ruwan saman Fatakwal da ba ya gajiya. Mutanen gida suna nan daidai gwargwado. Inna ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba, amma da ta ji zan rubuto maka sai ta tambaye ni ko tarin nan naka ya sake ka.

Ka yi haƙuri da na kawo maganar nan shafina, inda kowa zai leƙa. Ba son raina ba ne. In na kira ka muna hira lafiya lau, da na ambaci garinmu Zandam sai layi ya lalace maka nan take. Ban taɓa ganin layi mai sanin sunan gari irin naka ba. Na kuma san kana karanta duk abin da na sa a nan, matarka ta tona maka asiri tuntuni. Ba zan kama sunanka ba. Waɗanda suka san mu sun riga sun san zancen, sauran kuwa su ɗauki abin da zai amfane su.

Makon jiya nake koya wa 'yan ajina insha'in muhawara a makarantar da nake aiki a nan Birnin Kudu. Na rubuta musu a allo cewa kafin mutum ya ɗora biro a takarda, ya fara tambayar kansa wa zai karanta, kuma a ina rubutun zai same shi. Ina juyowa sai na tuna inda na samo maganar. Kai ka koya min ita, a gindin tsamiyar ƙofar gida, ina firamare kana sakandare. Kai ne mai cewa, "Ba da bakin da kike roƙon Inna kindirmo za ki roƙi Baba zuwa biki ba." Sai ga shi kai ɗin ne maganar ta kayar, na tsaya da alli a hannu har yara suka fara kallon juna.

Bari in faɗa maka yadda abin ya iso mana, domin kai ɓangaren Kano kawai ka sani.

Kana kwaleji aka shirya muhawara a kan kiwon yawo, ko a bar shi ko a hana. Ba kai ka zaɓi ɓangare ba, ƙuri'a aka yi, ta jefa ka cikin masu cewa a hana. Ka zauna ka rubuta abinka, hujja a kan hujja, yadda ka iya. Alƙalai malamai ne, masu sauraro ɗalibai 'yan birni, kai kuma ci kake nema. Don ka jawo su jikinka sai ka ce musu kai ɗan makiyayi ne, ka san abin da kake faɗa. Sannan ka saki wadda ta tashi zauren: "Mahaifina tun yana yaro yake bin saniya, har yau ba ta gaya masa inda za su ba." Aka kwashe da dariya, aka yi ta tafi, ka ci.

A wancan zauren, wallahi jumla ce mai kyau. Da ni ce mai ba da maki, da na ba ka.

Sai wani ya ɗauka a waya, ya yanke farkon inda aka ce ƙuri'a ce ta raba ku, ya tura. Ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ta sauka a kasuwar shanu ta Sara. Baba ya kai bijimi, yana tsaye cikin dillalai da sa'o'insa, wani direban motar shanu ya miƙo masa waya yana washe baki, wai ga ɗanka ya yi suna a Kano. Bawan Allah bai nufi sharri ba. Baba ya ji muryarka, ya ji ka ce mahaifina, ya ji dariyar mutanen da bai taɓa gani ba. Cikin waɗanda ke kusa da shi babu wanda ya yi dariya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya mayar da wayar, ya ce Allah ya yi albarka, ya kama igiyar bijiminsa ya dawo da shi gida bai sayar ba.

Ni aka bar wa bayani. Na same shi yana tufka igiya, na ce masa wasa ne na makaranta, ana ba mutum ɓangare ya kare ko da bai yarda da shi ba. Na ɗauka zai ji sanyi. Bai ɗago ba ya ce, "In da gaske yake, ya zage ni. In da wasa yake, ya yi wasa da ni. Ke da kika yi boko, zaɓar min." Har yau ban zaɓar masa ba. Baba bai san wata duniya ba da mutum zai miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da ba ya zuciyarsa, har a ba shi kyauta. A wurinsa abin da ka furta a bainar jama'a shaida ka bayar, kuma da ita za a san ka.

Ni na san ba ya zuciyarka. Kai ne ka saɓa maraƙi a wuya ka tsallake rafi da shi ranar da ruwa ya cika, ka dawo jagab kana dariya. Kai ne ka ƙi cin tuwo da aka yanka jar saniyar nan da ta karye. Na tuna wa Baba duk wannan. Ya ce shi ma bai manta ba, shi ya sa abin ya yi masa ciwo.

Da a ce ni na yi, da ya kira ni ya yi min tatas, a wuce wurin. Amma kai ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zaunar da shi ya yi masa doguwar magana, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Tun tasowarmu "wancan" kake a bakinsa. Faɗa kuwa sai an kalli mutum ake yi masa. Kunyar da ta hana shi yaba maka ita ta hana shi yi maka faɗa, maganar ta zauna masa a ciki.

Ka tuna yadda yake yi in ka zo hutu? Da hantsi zai ɗauki sandarsa, ya kalli bango ya ce, "A je a ga shanu." Kowa ya san da wa ake. Ka bi shi a baya har garke, yana nuna wa iska wadda ta haihu da wadda ƙafa ke damu, kai ma kana ba iska amsa. Hirarku ke nan, kuma ina jin kishinta, ba zan ɓoye maka ba. Da ka zo Babbar Sallar waccan shekarar, ya amsa gaisuwarka kamar kullum. Da hantsi ya ɗauki sanda ya fita bai ce wa bango komai ba. Ina kallonka, ka riga ka sa takalmi ƙafa ɗaya. Ka zare shi a hankali ka koma ɗaki, washegari ka hau mota.

Daga nan ka gama karatu, aiki ya ɗauke ka. Da aurenka ya zo Baba ya aika maka da karsana. Ka ce min ka gane, rabonka ya ware maka, sallama ce. Haba Yaya. Inna ta ce sai da ya zagaye garken nan ya sake zagayewa, ya zaɓi wadda ta fi kowacce kyau, wadda ya hana dillalai ko taɓa ta. Shi ma rubutu ya yi maka da irin haruffansa, ka karanta a juye.

Ka rubuto, ban ce ba ka rubuto ba. Dogon saƙo ka turo wayata ka ce in karanta masa. Hujja ta farko, ta biyu, ta uku. Ka kawo yadda gonaki suka cinye burtali, yadda shanu ba su da hanyar bi, yadda zamani ya juya, har ka ce ko da wasa ka faɗa akwai gaskiya a ciki. Rubutu ne tsaf, ko waƙafi babu a inda bai dace ba. Ban haƙurin yana can ƙarshe, layi guda, bayan "duk da haka". Na karanta masa ban tsallake komai ba. Ya saurara har na kai aya, ya ce, "Har yanzu da mutanen can yake magana." Ya tashi ya ɗauki buta.

Ranar haushinsa na ji, na ce tsohon nan da taurin kai yake. Daga baya na sake karantawa da idon malama, na ga gaskiyarsa. Ka rubuta don ka ci, alhali ba ci kake nema ba, gida kake nema. Babu wanda ya musa maka burtali ya ƙare, shi da kansa yana faɗa. Baba ba alƙalin muhawara ba ne, ba ya ba da maki. Duk hujjar da ka ƙara, abin da take gaya masa shi ne ba ka ji ciwon da ya ji a kasuwar nan ba. Kai kana kare jumlarka, shi kuma dariyar ce ke masa yawo a kunne.

Na san kana can kana shirya wani. Matarka ta ce kana rubutawa kana gogewa, wai sai ka sami kalmomin da suka dace sannan ka zo. Shekara da shekaru kana neman kalmomi, kai da ba su taɓa yi maka gardama ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Baba ya daina ji, Yaya. Tun damina abin ya fara, bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da shi. Da farko sai an ɗaga murya, yanzu ko an ɗaga ba ya kamawa. Mun kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, suka duba suka ce tsufa ne ya haɗu da ciwon, mu yi haƙuri. Lokacin salla sai ya ga Inna ta shimfiɗa tabarma yake sani. Kwanaki saniya ta yi kuka dab da bayansa bai waiwaya ba. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Wannan shi ke ci min rai kullum. Duk shekarun da kunnensa ke aiki, kalma ɗaya ta ishe ku, ku biyun kuka riƙe ta. Kai kana jira ta yi kyau, shi kunya ta ɗaure masa baki. Yanzu ko ka rubuta abin da ya fi komai kyau a duniya, ba zan iya karanta masa ba. Shi kuwa ka sani, karatunsa Alƙur'aninsa ne, ba ya karanta wasiƙa. Mutumin da kake ta gyara wa magana ba zai ji ta ba har abada, kuma ina baƙin cikin haka, saboda kai da saboda shi.

Amma idonsa garau yake. Da la'asar yana zama a ƙofar gida, yana gane mutum tun daga hanyar da ta taso daga Gwaram, kafin mu masu ƙuruciya mu gane. In mashin ya tsaya ya sauke baƙo sai ya dafa sanda ya ɗan miƙe, ya ƙura ido, ya koma ya zauna. Mu dai ba ma tambayarsa wa yake jira.

Ka ajiye biron nan, Yayana, ka taho. Ba sai ka zo da magana ba, babu inda za ta shiga. Ka sauka daga mashin, ka tako, ka durƙusa a gabansa, ka bar shi ya kalle ka son ransa. In kunya ta sa ya kau da kai, kada ka tashi. Ka zauna, zai juyo.

Allah ya yafe mana abin da muka faɗa da abin da muka kasa faɗa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya tsare maka hanya, ya sassauta maka zuciya. Ya Allah, ka bar wa Baba hasken idonsa har ɗansa ya iso. Amin.

Taka har kullum,
ƙanwarka Hadiza,
daga Birnin Kudu.