Amaryata Tana Cikin Wayar Sambo

Malama, ki taimake ni, abin ya kai ni maƙura. Ni tsoho ne daga Kore Mairuwa. Ban yi lakwal ba, wato boko, maƙwabcina ke rubutawa ni ina faɗi, kuma na ce mishi kada ya rage ko kalma.

Ɗana Nafi'u yana kasuwanci a Kwatano. Ya saya mini waya, ya sa mini abin nan da ake tura waƙa da hoto daga waya zuwa waya ba tare da an sa kuɗi ba. Cikin wayar akwai kirarin 'yan kokowar Arewa na da, muryar yayana marigayi, da aka kwashe daga kaset. Ba kowa ke da shi ba. Da na ga samari sun fara kewaya ni, sai na tafi wajen mai caji na ce ya rufe mini abin ruf, kada wayar kowa ta ga tawa. Ya rufe.

To an haifa wa Nafi'u ɗiya can, Amira. Da ya zo Sallah, ya zauna a zaure yana raba bidiyonta, tana dariya, tana jan ƙafa. Kowa ya samu. Tawa wayar ba ta fito a tasa ba. Ya tambaye ni, na ce a bari, ba na so. In ce mishi me gaban mutane? Har ya koma.

Yanzu Sambo, uban matar Nafi'u, shi ke yawo da ita cikin wayarsa a kasuwa, rumfa rumfa, wai ga amaryarsa. Amaryarsa! Mutumin da bai san inda ake latsa waya ba sai an kama mishi yatsa. Jinina ce, hancina ne a fuskarta, haka aka ce mini, don ni ban gani ba. Ranar nan ya miƙo mini in duba, na kau da kai. Ni da ko a gona ban taɓa aron hauyarsa ba.

Ki gaya mini yadda ake saita abin nan: kome ya shigo wajena, kome kada ya fita, kuma a goge yarinyar daga wayar Sambo.

Kakan Gaskiya, Kore Mairuwa

*

Baba, Allah ya raya Amira.

Ka kwantar da hankalinka kan kirarin. Babu mai iya ɗaukar abu daga wayarka sai ka zaɓe shi da hannunka ka tura. Ka koma wajen mai cajin ya buɗe ta yadda za a riƙa ganinta, ya sa mata sunan da za a gane taka ce, ya kuma bar ta tana neman izininka kafin ta karɓi kome. Wannan ya ishe ka tsaro. Muryar yayanka kuwa, ka ba Nafi'u ya ajiye, domin waya tana faɗawa rijiya.

Batun gogewa, babu shi. Abin da ya shiga wayar wani ya zama nasa. Ko da akwai, ba zan koya maka ba: shi ma jikarsa ce. Ya yi maka ƙwalele, na yarda, kuma da ciwo. Amma ya miƙo maka waya, kai ka kau da kai. Nafi'u ma bai tsallake ka ba, tambayarka ya yi.

Ka iya jiran wata Sallar, lokacin yarinyar ta fara gudu. Ko kuma ka san wannan: abin ba ya aiki daga nesa, sai wayoyi biyu sun kusanci juna. Mafi kusa da kai mai bidiyon shi ne Sambo. Ranar kasuwa ka sayi goro, ka zauna tabarma ɗaya da shi har ya gama shigowa. In ka ga hancin, ka yi mishi gori son ranka.

Allah ya ƙara lafiya, Baba, ya nuna maka aurenta.