Na Biyu a Igiyar Sunniva

Lom, farkon watan Yuli

Gunvor tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙugun? Yaya kuma masu gashin ƙashin da kika ce ba su da imani? Ki daure ki bi abin da suka ce, ko da yake na san bin umarni ba halinki ba ne. Nan kowa lafiya. Tumaki suna can kan tudu, ciyawa ta kusa isa yanka, gidan kuma ya yi mini faɗi tun da aka kai ki asibitin Lillehammer.

To, kin yi nasara. Na je na ba da sunana cikin masu hawan dutse ranar Asabar, a rukunin da 'yarmu Sunniva za ta jagoranta. Matar da ke karɓar sunaye ta tambaye ni ko na taɓa hawa dutse. Ni fa! Na ce mata na girmi titin da ya kawo ta garin nan. Da ta ce ƙanƙara fa, sai na ce a'a. Tun ina yaro nake hango farin abin nan a saman dutse ta tagar kicin, ban taɓa taka shi ba. Mahaifina yakan ce inda ciyawa ta ƙare, nan hankali ya ƙare.

Kada ki ɗauka sha'awa ce za ta kai ni. Ke kina so in ga aikin 'yarki in yaba, ni kuwa magana ce da ni. Gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, ke ga ki da ƙugun ƙarfe, gonar nan kuma tun kakan kakana tana hannunmu. Sunniva kaɗai Allah ya ba mu. A gida in na ɗauko zancen sai ta tuna da wani aiki ta fice, to can sama babu ƙofar da za ta bi. In mun kai ƙololuwa zan nuna mata kwarinmu, in ce ta bar jan baƙi da igiya ta dawo ta karɓi gonarta kafin hunturu. In ta ƙi, ga Eilif ɗan ƙanena nan yana leƙen filayen kamar kare a bakin mahauta, ni kuwa ba na so in ga ranar.

Kada ki kira ta ki tsegunta mata. Na san ki.

Naki,
Torleiv

Lom, Lahadi

Gunvor,

Ina gaishe ki, ina gaida ƙugun. Na ji an ce kin fara taka matakala da sanda ɗaya, madalla. Na dawo da ƙafafuna biyu, Sunniva ma ta dawo da nata. Na fara da wannan ne don kada ki karanta sauran gabanki yana faɗuwa.

Mu bakwai ne. Akwai wani likitan haƙori daga Bergen, Halvard, wanda tun daga mota bakinsa bai rufu ba. Farkon tafiyar duk tsakuwa ce da duwatsu, irin hanyar da nake bi neman tumaki, sai na bar su a baya suna haki, ina jin daɗina. Da muka isa bakin ƙanƙarar sai 'yarki ta zama wata. Ta ɗaura wa kowa ɗamara, ta sa mana ƙarafa masu farata a ƙasan takalma, ta miƙa wa kowa ɗan gatari, sannan ta jera mu a igiya guda da tazara mai yawa a tsakaninmu. Ta ce ƙarƙashin farar dusar ƙanƙarar nan akwai tsagu masu zurfi da ido ba ya gani. Igiya ba ta taɓa ƙasa, kullum a miƙe. In wani ya rufta, ba mai zuwa wurinsa: kowa ya zauna inda yake, ya kafa dugadugansa, ya riƙe.

Ta sa ni na biyu, a bayanta, Halvard na bi mini. Ya ce, "Kaka, ka san wa ake sawa bayan jagora? Wanda ake tsoron zai sume." Na ce, "Kai kuma an sa ka bayana ne in tare maka iska, kar bakin nan ya daskare a buɗe."

Gunvor, gani ya kori ji. Daga tagarmu abin nan shiru yake, ashe magana yake yi. Ruwa na gudu can ƙarƙashin ƙafarka ba ka ganinsa, jifa-jifa kuma wani abu ya yi ƙara daga ciki, ka ji shi har a haƙoranka. Muka wuce wata tsaga a buɗe, na leƙa. Shuɗi ne, amma ba na sama ba, ba na tafki ba. Yana farawa da haske, yana ƙara duhu, har ido ya gaji bai ga ƙarshe ba. Na tuna wannan abu yana nan tun kafin a kafa dutsen farko na gidanmu, bai kuma san da mu ba.

Can cikin tafiya Halvard ya yi tuntuɓe da faratan takalminsa ya durƙusa. Ni kuma na yi abin da kowane ɗan kwarin nan zai yi: na juya, na taka zuwa wurinsa in ba shi hannu. Igiyar da ke tsakaninmu ta zube a ƙasa.

"Torleiv! Koma wurinka!"

Da sunana ta kira ni, a gaban baƙi, da wata murya da ban san tana da ita ba. Na ce, "Mutum ne ya faɗi fa." Ta ce, "Na gani. Ku biyu a wuri ɗaya, nauyi biyu ke nan a kan abin da ba ka san kaurinsa ba. Ja baya har igiyar ta miƙe." Na ja baya. Na ce a raina, bari mu kai sama, za ki ji tawa.

Ba mu yi nisa ba abin ya faru. Tana gabana tana soka sanda a dusa kafin kowane taku. Ban ji ƙara ba. Ina kallon jar rigarta, sai na ga babu ita. Wani ɗan baƙin rami kawai, igiya ta shige ciki, sannan aka fizge ni ta ƙugu na kife a kan gwiwoyina.

Ba zan ɓoye miki ba, na yunƙura zan ruga. Duk jikina can ya nufa. 'Yata ce a ramin nan, ni kuma ga ni da hannaye biyu. Halvard ya ƙwala ihu daga baya, "Zauna, Kaka! Don Allah zauna!" Na faɗa da baya, na kafa dugadugai, na soka gatarin na kwanta a kansa. Igiyar ta ja ni kaɗan, sannan na tsaya. Na ji na baya su ma sun zauna ɗaya bayan ɗaya, igiyar ta ɗaure tamau.

Na kira sunanta, shiru. Na sake kira. Ban taɓa sanin akwai shiru irin wannan ba, ga rana fes, ga tsaunuka sun kewaye mu farare ƙal, babu wanda ya damu. Nauyinta duka yana rataye a ƙuguna, rabon da in ɗauke ta kuwa tun tana firamare. Sai na ji igiyar ta motsa. Muryarta ta fito daga ƙasa kamar daga cikin rijiya: "Lafiyata ƙalau! Kar kowa ya matso! Baba, riƙe kawai!"

Na riƙe. Ban ga komai na fitowarta ba, a jikina na ji ta. Igiya ta yi nauyi, ta sassauta, ta sake yin nauyi, ina jin saran gatarinta a cikin ƙanƙara, kowane sara ya fi na baya kusa. Ban san tsawon lokacin ba. Na yi addu'o'in da rabona da su tun ranar aurenmu. Can sai ga gatari ya leƙo, sai hannu, sai jar hula, ta mirgino waje ta kwanta tana mayar da numfashi.

Kin san abin da ta fara yi? Ta tashi ta ƙirga mu. Ta tambayi kowa da sunansa ko ya ji ciwo, ta duba ƙullin kowa daga nesa, ga jini a haɓarta. Da ta zo kaina ta ce, "Sannu, Baba. Dama na sa ka bayana ne don na san in ka kafe babu mai motsa ka." Kowa ya yi dariya, Halvard har da hawaye. Ni ban iya ba.

Na ɗauka za mu juya. Ta tsaya ta daɗe tana duban dusar, ta ce rana ta tausasa wannan gefen, komawa ta nan ya fi ci gaba haɗari. Ta karkata da mu zuwa wani ƙashin dutse, muka hau shi da hannu da ƙafa, rami dama rami hagu. Ban yi gardama ba. Inda ta sa ƙafa nan na sa tawa.

Ƙololuwar kuwa, ban san yadda zan gaya miki ba. Tsaunuka ne bayan tsaunuka har inda ido ya ƙare, gajimare yana ƙasa da mu, inuwarsa tana tafiya a kan ƙanƙara. Har Halvard ya yi shiru. Na cire hulata ban san na cire ba. Da na dawo hayyacina na shiga neman kwarinmu, don in yi abin da ya kawo ni. Na duba, na sake dubawa. Na ce mata, "Ina gidanmu?" Ta ce, "Ba a ganinsa daga nan, Baba, wancan tudun ya tare shi." Ta ɓare lemo ta miƙo mini rabi, hannunta duk ya ƙuje, ko rawa ba ya yi.

Maganar tana bakina. Na cinye lemon, na sha kofi, muka sauko ta wata hanya.

Ki huta lafiya. Ni kam ko cokali na ɗaga sai na ji a bayana.

Mijinki,
Torleiv

Lom, tsakiyar Yuli

Gunvor tawa,

Barka da samun sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na kuma karɓi faɗan da ke ciki. Gaskiyarki, da kin san haka za a yi da ba ki tura ni ba. Ni ban yi nadama ba.

Shekaranjiya na je gidan Eilif. Na ce masa bayan kaka ya karɓi filayen da tumakin, mu a bar mana gidan da ɗan lambunki. Yaron ya yi ta cika mini kofi. Ba mugu ba ne, ni ne na ƙi ganin haka. Da na dawo na bi iyakar gonar da ƙafa, tun daga rafi har katangar da mahaifina ya gina, na zauna a kanta na yi kuka. Ke kaɗai na gaya wa.

Jiya Sunniva ba ta da hawa, sai ta zo taya ni kwashe ciyawa. A nan na faɗa mata. Ta tsaya da manjagara a hannu, ta ce, "Baba, na ɗauka can sama za ka ce in dawo gida. Tun daga mota nake jiran maganar." Na ce, "Na ga abin da kike yi. Ba zan sa ki kiwon tumaki ba." Ta juya mini baya ta ci gaba da aiki, ta daɗe ba ta juyo ba.

Kada ki ɗauka tsoron ya tafi. Yau da safe ta sake hawa da wasu baƙin, na tsaya a taga kofina ya huce a hannuna. Yanzu na san abin da ke ƙarƙashin farin nan, da ban sani ba. Ta ce in kin warke za ta kai ki bakin ƙanƙarar ki ga shuɗin da idonki. Na ce sai dai ku biyu. Ni na riƙe ta sau ɗaya, na ji nauyinta, sauran na bar wa Allah da ita kanta.

Ki faɗa mini ranar da za su sallame ki in zo da mota. Ki gaida abokiyar ɗakinki.

Naki har kullum,
Torleiv